Wa ke ciyar da ma'aikacin da ciwo ya kwantar kafin shekara 50?

Gardamar ta tashi ne a wata majalisa da ke Makera a nan Kaduna, a kan wani maƙwabcinmu da hawan jini ya kayar a farkon damina. Shekararsa 44, kuma 11 daga ciki ya yi su ne yana aiki a wani kamfani da ke ɓangaren Kudenda. Ya farfaɗo, an gode Allah, amma hannun dama da ƙafar dama sun ƙi, magana ma sai an kasa kunne. Masu zuwa dubiya kuwa kowa da fatawarsa. Wani tsohon ma'aikacin masaƙa ya rantse cewa kuɗin fanshonsa sun shiga kurkuku, babu mai taɓa su sai ya cika 50, ko da yunwa za ta gama da 'ya'yansa. Wani ya ce ai mutumin ya tsinci dami a kala, tunda ciwo ne ya tsayar da shi za a riƙa ba shi albashinsa cur har ya koma ga Mahaliccinsa. Na uku ya ciro waya ya kunna mana wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, wai akwai masu hanya da za su samo wa mutum takardar likita ya kwashe kuɗinsa kaf, su ɗauki kasonsu.

Duk su ukun sun kauce, amma ba su ne suka fi ba ni haushi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shawara ce da wani a wurin aikinsa ya ba matarsa, cikin taushin murya irin na mai taimako: tunda ba zai iya komawa ba, ya rubuta takardar ajiye aiki kawai don a yi saurin sallamarsa. Ta zo mini da takardar an riga an buga ta, saura dangwala yatsa. “Malam,” in ji ta, “sun ce duk ɗaya ne.”

Ba ɗaya ba ne. Tsakanin wannan takarda da wadda ya kamata a ba shi akwai jiran shekara 6.

Dokar gyaran fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ita ce ta hana ma'aikaci taɓa asusunsa kafin shekara 50, a sashe na 16. Tsohon ɗan masaƙarmu ya ji wannan, amma bai ji ƙarashen ba. Sashen nan dai shi ne ya buɗe ƙofa ga wanda aka yi wa ritaya bisa shawarar ƙwararren likita ko kwamitin likitoci da aka kafa bisa ƙa'ida, waɗanda suka tabbatar cewa jikinsa ko hankalinsa ba zai iya ɗaukar aikin da aka ɗauke shi dominsa ba. Haka wanda ya gamu da nakasa ta dindindin. Irin wannan mutum, ko shekararsa 35, ana ɗaukarsa kamar cikakken ɗan fansho: a ba shi wani kaso a dunƙule, sauran kuma a riƙa biyansa wata-wata, ko dai daga hannun kamfanin fanshonsa, ko ya sayi fanshon rai-da-rai a kamfanin inshora. In abin da ke asusun bai taka kara ya karya ba, a miƙa masa duka lokaci guda.

Wanda ya ajiye aiki da hannunsa kuwa wata ƙofar yake bi. Sai ya yi wata 4 bai sami wani aiki ba, sannan a ba shi abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari ba, ragowar a kulle har ya cika 50. Kamfanin fansho ba ya zuwa dubiya, ba ya ganin sandar da mutum ke dogarawa. Takarda yake karantawa. In ta ce “na ajiye aiki don raɗin kaina”, to haka aka rubuta, haka za a bi, kuma gyara ta daga baya aiki ne ja, musamman idan wanda ya ba da shawarar ya riga ya rufe fayil ya huta. Ban ce duk mai ba da irin wannan shawara mugu ne ba. Da yawansu su ma ba su sani ba. Sai dai takardar ajiye aiki ta fi sauƙi ga mai kamfani fiye da tura ma'aikaci gaban likitoci, kuma abin da ya sauƙaƙa wa mai ƙarfi shi ke zama al'ada.

Saboda haka takardu biyu ne ginshiƙi: rahoton likita, da takardar ritaya daga wurin aiki wadda ta faɗi ƙarara cewa saboda rashin lafiya aka yi ta. Sauran tarkacen kowa ya san su, takardar albashi ta watannin ƙarshe, shaidar haihuwa, hotuna, lambar asusun banki, da daidaita suna da ranar haihuwa su zo ɗaya da abin da ke jikin NIN. Wannan na ƙarshe kada a raina shi. Wanda ya rage shekaru ranar ɗaukar aiki, ko yake Muhammad a nan Mamman a can, ranar da ya fi kowa gaggawa ita ce ranar da zai gane kurensa.

Rahoton likitan ma akwai abin lura. Mutanenmu sukan ɗauka cewa sunan ciwo ake nema, in ya yi girma ya tsoratar shi ke nan. Tambayar da doka ta yi daban ce: shin wannan mutum zai iya wannan aikin? Direban tanka da idonsa ya dushe ya gama tuƙi, alhali akanta da aka yanke wa ƙafa yana iya ci gaba da lissafinsa har shekara 60. Malamin makaranta da maganarsa ta sarƙe ba zai iya tsayawa gaban aji ba, mai gadi da ke da irin wannan matsala ƙila ya iya. Don haka rahoton da ya ce “yana fama da ciwon suga” kawai bai amsa komai ba. Dole likita ya san irin aikin da majinyacin ke yi, ya kuma rubuta abin da ciwon ya hana shi. A ɗaya gefen kuma, nakasa kaɗai ba hujjar kora ba ce. Akwai dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, kuma wanda zai iya aikinsa da keken guragu babu dalilin tura shi gida da sunan tausayi.

Yanzu ga wurin da ya fi wuyar haɗiya, wanda mai cewa an tsinci dami a kala bai gane ba. Ritayar rashin lafiya a tsarin da muke ciki ba ta ƙara ko kwabo a asusun mutum. Mabuɗi kawai take ba shi da wuri. Asusun fansho kamar rumbu yake: abin da ka zuba shi za ka tarar, kuma wanda lalura ta sa ya buɗe nasa tun kaka, hatsin ne dai zai kai shi har wata kakar, babu mai ƙaro masa dami. Ko ka ce asusun ƙasa da yaro ke tara kuɗin Sallah, in ya fasa shi tun kafin azumi ba zai ga kuɗin ranar idi a ciki ba. Mutane suna rikita shi da adashi, shi ya sa suke sa rai. A adashi mai kwasar farko yana ɗaukar zubin kowa tun bai zuba rabin nasa ba, saboda sauran sun tsaya masa. A nan babu wanda ya tsaya maka. Randarka ce kai kaɗai, an ɗauke famfo, an ce ka fara sha.

Mu yi lissafin misali. A ce albashin da ake cire fansho a kansa naira 150,000 ne a wata. Doka ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, mai aiki ya ƙara kashi 10, jimla 18, wato naira 27,000 a wata, 324,000 a shekara. Shekara 10 ta ba da naira 3,240,000 kafin a sa riba. In za a raba wannan a kan shekara 30 da mai shekara 44 ke fatan yi nan gaba, abin da zai faɗo shi ne naira 9,000 a wata. Ribar juya kuɗin za ta ɗaga shi, gaskiya ne, amma tsadar kaya ma ba barci take ba, kuma duk abin da aka karɓa a dunƙule daga cikin wannan tulin ake zaftare shi. Ga shi ƙuruciya a nan hasara ce: gwargwadon ƙarancin shekarun mutum, gwargwadon tsawon lokacin da za a shimfiɗa kuɗin a kai, sai na wata-wata ya ƙara sirancewa. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda, ko yake sayen maganin hawan jini duk wata, ya san inda naira 9,000 take tsayawa.

Wannan ma idan an zuba kuɗin ke nan. Doka ta ba mai aiki kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya tura zubin, in ya yi jinkiri akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba a kowane wata. Amma nawa ne cikinmu ke buɗe saƙon da kamfanin fansho ke turowa? Sai ranar da aka kwanta ake gano cewa an yi shekara ana cira a takardar albashi, ba a kai ba. Hukumar PenCom mai sa ido kan fansho tana karɓar irin wannan ƙorafi, tana ma da ofishin shiyya a Kano, sai dai bin bashi da ƙafa biyu ma wahala ne, balle a kan gado.

Abin takaicin shi ne ba haka duniya ta tsara wannan al'amari ba, kuma mu ma ba haka muka faro ba. Tun 1889 Jamus, a zamanin Bismarck, ta haɗa fanshon tsufa da na nakasa a doka ɗaya. Amurka ta shigar da inshorar nakasa cikin tsarinta a 1956. Hikimar irin ta gayya ce: kowa ya kawo fartanyarsa, a taru a gonar wanda ya kasa. A nan gida, asusun NSITF da aka kafa da dokar 1993, wanda ya gaji tsohon asusun tanadin ma'aikata na 1961, yana da fanshon nakasa ga ma'aikatan kamfanoni. Gyaran 2004 na zamanin Obasanjo ya kawo asusun kowa-da-nasa, wanda aka kwaikwayo daga ƙasar Chile, inda aka fara shi a 1981. To amma su mutanen Chile sun haɗa nasu da inshorar nakasa, ta yadda in ciwo ya tsayar da ma'aikaci da wuri inshora ke cike giɓin asusunsa. Mu da muka tashi kwaikwayo sai muka ɗauko rigar muka bar wandon. Inshorar da dokarmu ta wajabta wa mai aiki ita ce ta rai, wadda ke biyan magada aƙalla ninki 3 na albashin shekara idan ma'aikaci ya mutu yana bakin aiki. Wato in maƙwabcina ya cika a ranar da ya faɗi, iyalinsa suna da haƙƙin albashin shekara 3. Da yake ya rayu yana buƙatar magani da gashin ƙashi, ba su da wannan. Na kasa gane hikimar da ke cikin tsarin da ya fi tanadar wa makara fiye da gadon asibiti, kuma ban cika jin 'yan majalisar dokokinmu suna ta da maganar ba.

Akwai dai wuri ɗaya da gayyar ta rage, shi ne dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda NSITF ke gudanarwa. A nan ba a cire wa ma'aikaci komai. Mai aiki ne ke zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya, a tara a asusu guda, a biya wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo ta dalilin aiki. Wanda aikin ya nakasa gaba ɗaya ana ba shi kashi 90 cikin ɗari na albashinsa duk wata, galibi har ya kai shekara 55. Dokar ta haɗa da haɗarin da ya faru a hanya tsakanin gida da wurin aiki, da kurumcewa saboda ƙarar inji, da cututtukan da sana'a ke jawowa. Ba ta kuma ware ɗan wucin-gadi ko ɗan koyo ba, duk ma'aikata ne a wurinta. Wannan kuɗi daban yake da asusun fansho, karɓar ɗaya ba ya cinye ɗayan.

Sharaɗin shi ne alaƙa da aiki, da kuma lokaci. Injin da ya cinye yatsu a Kakuri ba ya buƙatar dogon bayani. Shanyewar ɓarin jiki da ta sami mutum a ɗakinsa kuwa sai an nuna yadda aikin ya jawo ta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin ma gajere ne: kwana 14 ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aiki, shi kuma kwana 7 ya kai rahoto ga NSITF, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara guda. A nan muke faɗuwa. An ji rauni, manaja ya biya kuɗin ɗinki ya haɗa da ɗan abin sayen lemo, kowa ya ce an kyauta, aka yi godiya aka tashi. Bayan shekara biyu hannu ya ƙage, aiki ya gagara, sai a tarar babu inda aka rubuta cewa abin ya taɓa faruwa. Kunyar nan tamu ta kada a ce mun kai ƙarar mai ba mu abinci tana da tsada. Sanarwa ba ƙara ba ce, kuma kuɗin ba daga aljihun manaja za su fito ba. In hukumar ta ƙi biya, ana iya neman ta sake dubawa cikin kwana 180, daga nan sai kotun ma'aikata, wadda ke da reshe a nan Kaduna. Amma tambayar farko da za a yi wa mutum a aikace ita ce ko kamfaninsa ya yi rajista yana zubi, kuma wannan tambaya ce da ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su yi tun kowa yana da lafiya.

Mu mutanen kudancin kogin Kaduna bai kamata a koya mana wannan ba. Unguwanninmu masaƙu ne suka raine su. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, daga baya masaƙun Arewa da UNTL da sauransu suka biyo, har Kakuri da Makera da Nasarawa suka cika da masu tashi da jiniya. Ƙurar auduga tana da ciwonta na musamman, wanda ke farawa da ƙuncin ƙirji a ranar farko ta komawa aiki bayan hutu, ya lafa a tsakiyar mako, har wata rana ya daina lafawa. Ƙarar injin saƙa kuma tana cin kunne a hankali, mai shi ba ya ankara sai ya ga yana ƙara muryar rediyo. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta biyo a 2007, duk kafin dokar 2010. A tsohuwar dokar diyya nauyin yana wuyan kamfanin ne, kuma kamfanin da ya mutu ba ya biyan bashi. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna bin haƙƙin sallamarsu, wanda yake a rubuce baƙi da fari, balle diyyar huhu da kunne da ba a taɓa aunawa ba. Shi ya sa ban ga laifin dattijon majalisarmu da ya yanke ƙauna ba. Abin da ya gani da idonsa yake faɗa, dokar ce dai ta canza a bayansa.

Ma'aikacin gwamnati nasa ya ɗan bambanta. A dokokin aikin gwamnatin tarayya, wanda ba a kwantar a asibiti ba amma hutun jinyarsa ya haura kwana 42 cikin wata 12, ana tura shi gaban kwamitin likitoci su duba ko zai iya ci gaba. Jihar Kaduna tana da tata dokar fansho ta 2016, ta kuma shiga tsarin zubi daga Janairun 2017, don haka wanda ya fara aiki kafin lokacin yana da haƙƙin shekarun baya da gwamnati za ta lissafa ta zuba masa, kuma wannan kason ne ya fi jawo jira. Hukumar fansho ta jiha ce mai wannan magana. Sojoji kuwa suna da nasu tsarin daban.

Abin da na fi gani a ma'aikatun gwamnati shi ne ɓoyo. Mutum ya kasa, abokan aiki su rufa masa asiri, a riƙa sa masa hannu a rajista, albashi yana shiga. Zumunci ne, ban musa ba, kuma wanda ya ga lissafin da muka yi a sama zai gane dalilin da ya sa ake gudun ritayar. Sai dai ranar da aka zo tantance ma'aikata, wanda ba shi da fayil a asibiti ba majinyaci ba ne a idon masu tantancewa, mai gudun aiki ne, kuma hukuncin wannan kora ce. Abin ya fi muni a larurar ƙwaƙwalwa. Doka ta ambaci hankali kafaɗa da kafaɗa da jiki, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a Barnawa, tafiyar Keke Napep ce daga yawancin unguwanninmu. Amma sai a yi shekara ana zagaye tsakanin mai ruƙiya da gidan addu'a, don kada a ji a gari. Addu'a ba ta hana yankar kati. Malam da fasto ba sa ba da takardar da kwamitin likitoci zai karɓa, kuma kwamitin tarihin jinya yake dubawa, tun daga ranar farko.

Masu saƙon WhatsApp kuma ba sai na daɗe a kansu ba. Takardar likita ta jabu laifi ce da ke kai mutum kotu, neman haƙƙi a kamfanin fansho kyauta ne, kuma duk wanda ya ce a ba shi kaso ya buɗe maka asusunka, rumbunka yake so ku raba.

Wani abu da ke kwantar da hankali, wanda ba a cika faɗa ba: wannan ritaya ba hukuncin har abada ba ce. Wanda aka yi wa ita yana da damar neman likitoci su sake duba shi sau ɗaya a kowace shekara 2, in sun ga ya warware ya nemi wani aiki ya ci gaba da zubi. Masu shanyewar ɓarin jiki da suka sami gashi da motsa jiki da wuri sukan dawo da abubuwa da yawa.

Matar maƙwabcina ba ta dangwala masa yatsan ba. Ta mayar musu da takardarsu, ta nemi su rubuta wa asibiti a hukumance a duba shi, ta kuma tono katinsa na shekara 3 da suka wuce, wanda aka fara rubuta hawan jinin a ciki, daga ƙasan wata jakar takardun makarantar yara. Shekaranjiya na gan ta a bakin titi tana jiran mota da ambulan mai ruwan ƙasa a hannu. Ta ce an ce ta dawo ranar Talata, likitan da zai sa hannu yana hutu.